Abin da muka gwada a 1995 ba tsarin majalisa ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na daren Lahadi wani baƙonku ya ce Nijar ta taɓa gwada tsarin mulkin majalisa, bai karɓe ta ba. Muna zaune a fada lokacin, shayi na biyu yana kan gawayi, sai da na sa yaro ya ƙara muryar rediyo. Da girmamawa ga malamin, abin da muka gwada wani abu ne daban.

Ina koyarwa a nan Maraɗi a shekarun, don haka ba labari aka ba ni ba. A 1993 talakawa da hannunsu suka zaɓi Mahamane Ousmane shugaban ƙasa. A zaɓen 'yan majalisa na Janairun 1995 kuma jam'iyyun adawa MNSD-Nassara da PNDS-Tarayya da ƙawayensu suka kwashe rinjaye, ya zama dole ya naɗa Hama Amadou firaminista. Wannan ya ce jama'a ce ta ɗora shi, wancan ma ya ce haka, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Raƙumi ɗaya, akala biyu. Aka dinga ja-in-ja kan naɗe-naɗen muƙamai, taron ministoci ya riƙa cijewa, mu kuwa muna ƙirga watannin albashin da muke bin gwamnati, mai shago yana ƙirga namu bashin a bayan kwalin sukari. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya raba gardamar da bindiga. Salon Faransa ne muka aro, mai kai biyu.

A tsarin majalisa na gaskiya akalar ɗaya ce. Sarki ko shugaban ƙasa na ado ne, mulki yana hannun wanda 'yan majalisa suka yarda da shi, ranar da suka janye yardar sai ya tattara nasa ya nasa. A Birtaniya, mai mazaɓu 650, firaminista Liz Truss ba ta cika wata biyu kan mulki ba a 2022 jam'iyyarta ta sauya ta, ba soja ko ɗaya da ya fito titi. Jamus ma ta fi burge ni: ba a kayar da shugaban gwamnati da ƙuri'ar yanke ƙauna sai an zaɓi magajinsa a ƙuri'ar nan tak. Haka Helmut Kohl ya gaji Helmut Schmidt a 1982.

Amma kada a ɗauka ina tallar tsarin ido rufe. A zaɓukanmu na baya jerin sunaye jam'iyya ke tsarawa na jiha baki ɗaya, mu dangwala wa tambari. Wanda sunansa ya zo sama ya san wa ya yi masa rana, kuma ba mu ba ne. Wani dapite, wato ɗan majalisa, ya taɓa zuwa unguwarmu da buhun sukari da turamen atamfa, ya tsaya bakin famfonmu da ya lalace, ya rantse. Wa'adinsa ya ƙare famfon na nan yadda ya bar shi, sai awaki ke kwana gindinsa. In irin waɗannan za a danƙa wa ikon naɗa gwamnati da sauke ta, uban jam'iyya ne zai yi mulki daga falonsa a Yamai.

Ina roƙon ku sake gayyato malamin, ku tambaye shi wannan: dapite na mazaɓa ko dapite na jeri? Fadarmu za ta saurara.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi