A Ba Masu Wasan Daɓe Fili a Makon Sallah

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan masu wasan daɓe na unguwanninmu a Kano.

Kowa ya san inda hankali ke karkata a makon Sallah: Hawan Daushe, washegari Hawan Nasarawa, musamman tun da UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon al'adun duniya a 2024. Amma ana tashi daga kallon dawakai, iyalai sai su yi ta neman inda za su kai yara. A nan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ke shigowa.

Ta unguwarmu ajin firamare take arowa. Wasa biyu a yini, wani lokaci uku, kuma kowanne sai an mayar da mutane daga bakin ƙofa. Yara na leƙe ta taga, janareto na cinye rabin maganar 'yan wasa, ga zafi. Mai fitowa a matsayin alƙali tela ne, bai runtsa ba tun goman ƙarshe na azumi saboda ɗinkin Sallah, amma haka ya naɗa rawaninsa ya hau. Kuɗin ƙofa kuwa ko na mai ba ya fitarwa.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu hali: a buɗe musu ɗakunan taron da ke kulle duk tsawon hutun. Su kuma 'yan wasa su ware wasan hantsi don mata da ƙananan yara, tunda da yawansu ba sa fita bayan magariba.

Daga wani mazaunin Gwammaja, Kano.