A Riƙa Ɗaga Kai a Tsohuwar Unguwar Jidda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin maziyarta kan Al-Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wadda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2014. Yana damuna yadda mutane ke shiga kasuwar Alawi su sayi turare su fice, ba tare da sun dubi gidajen da aka gina da duwatsun murjani ba, masu tagogin katako da aka sassaƙa domin iska ta shiga amma idon mai wucewa ya tsaya waje. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, yana kusa. Shawarata a je bayan la'asar, a zaga a ƙafa, sannan a nemi abinci cikin lungunan.

Mai karatunku.