Wasiƙa ga iyaye: batun hular da ke haske

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yara.

A makon nan mutum fiye da ɗaya sun tare ni a bakin ƙofa suna tambayar wayar tagullar da suka gani ɗinke a hular yaransu. Wata Hajiya ma ta ɗauka laya ce, har ta ce in gaya mata malamin da ya rubuta. Ba laya ba ce, Hajiya. Aikin aji ne da malamin kimiyya da malamar ɗinki suka haɗa wa 'yan JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare.

Wayar salula, idan ana kira, tana watsa igiyar rediyo, kuma a layin 2G mai megahaz 900 tsawon igiya ɗaya kusan santimita 33 ne. Sai yara suka yanki wayar tagulla daidai wannan tsawo, suka lanƙwasa ta kusurwa huɗu, suka haɗa mata diyod (ɗan abin da ke barin lantarki ya bi ta hanya ɗaya kawai) da ɗan ƙwan fitila irin na cocila, sannan suka bi ta da zaren ado har ta saje da aikin hula. Babu batir ko ɗaya. Da an kara waya kusa an buga kira, ƙwan sai ya kama ƙyalli. 'Yan mata sun yi nasu a gefen mayafi, kuma gaskiya ɗinkinsu ya fi na samarin tsafta nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne hasken ya fi ƙarfi a ajin ƙasa, inda sabis ke wahala, domin waya takan ƙara ƙarfinta idan tana laluben eriya. Da kansu suka gano haka kafin malam ya faɗa. Daga nan hira ta kai su ga Heinrich Hertz na Jamus, wanda ya tabbatar da samuwar igiyar a wajajen 1887, da kuma tashar rediyon ZOY da aka buɗe nan Akra a 1935, wadda ta zama GBC ta yau, wato hukumar watsa labarai ta Ghana.

Masu fargaba su kwantar da hankali: hular ba ta fitar da komai, karɓa kawai take yi. Sai dai a cire ta kafin alwala, kuma kada a jefa ta cikin wanki.

Muna da roƙo. Manyan wayoyin zamani ba su cika kunna ƙwan ba, ƙananan masu madanni ne ke yi. Duk mai tsohuwa a ajiye, ko ɗan'uwansa na gyaran waya a Tiptoe Lane, ya ara mana. Muna kuma buƙatar tsofaffin huluna da ragowar zare.

Za a baje kayan ranar taron iyaye bayan azahar. Ku zo da wayoyinku da ɗan kuɗin kira a ciki.

Wassalam,
Shugaban makaranta, Nima