Malam Edita, kafin ku taɓa shafin nishaɗi ku ji abin da mujallun hebi metal suka koya min

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu, Allah ya ƙara basira amin.

Na ga sanarwar da kuka saka cewa za ku sauya fasalin shafukan nishaɗi na ƙarshen mako kuma kuna neman shawara, shine nace bari nima in sa baki tunda abin ya taɓa sana'ata. Ni ɗan Zariya ne, na yi shekaru ina tsara shafi a wata madaba'a, kalanda ne, katin biki ne, fostar 'yan siyasa ce, bangon littafi ne, duk na yi, yanzu kuma ina Birmingham ta Ingila ina ƙaro karatu a kan zane da tsara mujallu. Dan Allah kar a ga kanun wasiƙar nan a ce wannan me ya kawo shi, a bari in kai ƙarshe.

A zangon da ya wuce aikin da aka ba mu shine kowa ya tsara bango da shafi shida na mujallar kiɗan hebi metal, wato kiɗan nan na Turawa mai ƙarar jita da rugugin ganga wanda mawaƙin wani lokaci kamar ihu yake yi. Ni dai ba kiɗana bane, kunnena da kalangu da kukuma ya saba, kuma akwai hotunan da wasu ƙungiyoyinsu ke amfani da su waɗanda addinina bai yarda in zana ba, na faɗa wa malamar tun ranar farko tace ba matsala, ba shi ake nema ba. Na zauna na yi abina tsaf, farin shafi, haruffa sirara masu kyau, sarari ko'ina kamar mujallar da ake ajiyewa a banki. Da na kai mata ta duba ta duba sai tace aikin ya yi kyau, amma wa ka yi wa? Tace je ka nemo mutumin da zai cire kuɗi daga aljihunsa ya saya, ka zauna da shi, sannan ka dawo.

To abin da ya taimake ni shine garin da nake nan ne mahaifar kiɗan. A unguwar Aston aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, yara huɗu 'ya'yan leburori, kuma mai jitarsu Tony Iommi yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe, sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don ya rage zafi, sautin ya fito da kauri da nauyi. Faifansu na farko ya fito 13 ga Fabrairu 1970. Kaga kenan kiɗan daga cikin hayaƙin masana'anta ya fito, na masu aikin ƙarfi ne, kuma har gobe masoyansa suna jin cewa su 'yan gefe ne waɗanda manyan gidajen rediyo suka raina. Ranar da aka zaga da gawar Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath, a titin Broad Street a ƙarshen Yulin 2025 na ga abin da idona, dattawa masu furfura da baƙaƙen riguna suna kuka, mata da jikokinsu, furanni sun cika gadar da aka sa wa sunan ƙungiyar. A wurin na gane cewa mutumin da nake ta hasashe a kaina, wai wani matashi mara ji mai neman rigima, ba shi bane mai sayen mujallar, ko in ce ba shi kaɗai bane.

Na fara shiga shagunan tsofaffin faifai ina sayen tsofaffin kwafi ina hira da masu zuwa. Abu na farko da na lura da shi sunan ma kansa. Mujallar Kerrang! da ta fara fita a Yunin 1981, a matsayin ƙari a cikin jaridar Sounds, da Angus Young, mai jitar ƙungiyar AC/DC, a bango, sunanta ba kalma bace, ƙarar da jita ke yi ce idan aka kaɗa ta da ƙarfi, kamar mu ce ƙararrawa ta yi ƙililin ko ganga ta yi dim. Wanda ba ya cikin harkar zai ga shirme, wanda ke ciki kuwa tun daga nesa ya san da shi ake. Hatta makin da suke ba sabon faifai a tsofaffin kwafin nan ba taurari suke sawa ba, harafin K suke jerawa, ɗaya zuwa biyar, mai K biyar ya gama.

Na biyu bangon. Mu a makaranta kullum ana ce mana a bar sarari, ido ya huta, amma bangon waɗannan mujallu a cike yake maƙil kamar motar kasuwa ranar Laraba, baƙi da ja da ruwan ɗorawa, sunayen ƙungiyoyi goma sha a jere a gefe. Da farko na ɗauka rashin iya aiki ne, sai wani dattijo direban babbar mota da muka saba a shagon ya ce min shi idan ya tsaya gaban kanta sunayen yake bi da ido, in ya ga uku da yake so ya saya, in bai gani ba ya wuce. Kuma a kantunan nan mujallu a jere suke wata ta rufe wata, saman bango da gefen hagu kawai ake gani, shi yasa sunan mujallar da sunayen manyan ƙungiyoyi suke taruwa a can. Ashe cunkoson da lissafi aka yi shi.

Sai maganar tambari, nan ne na fi daɗewa. Kowace ƙungiya tana da yadda take rubuta sunanta kuma ba a taɓa shi, ba ka isa ka ɗauki sunan Iron Maiden ka rubuta da haruffan da ka ga dama ba, masoya za su ga ka ci musu mutunci. Wasu tambarin ma, musamman na ɓangaren da suka fi tsanani, ba ya karantuwa sam, kamar saiwar bishiya ko ƙaya ta sarƙe, akwai wani ɗan Beljiyam mai suna Christophe Szpajdel da ya zana dubbai irinsu da hannu. Na tambayi wani yaro me amfanin sunan da ba a iya karantawa, yace ai mu muna ganewa. Wannan amsar ta tsaya min a rai, domin haka tambarin yake aiki kamar tsagar gado a fuska, ɗan gida ya gani ya san daga ina kake, baƙo ya ga zane kawai. Shi yasa suke ɗinka bajojin ƙungiyoyi a jikin jaket ɗin jins mara hannu har sai ba a ganin yadin, kuma shi yasa mujallar da ta san kanta take saka fosta a tsakiya inda za a ɓalle ta daga fil ba tare da an yaga labari ba, ko sitika, ko baji, da can kuma faifan CD manne a bango. Mujallar Decibel ta Amurka, wadda ta fara a 2004 a Philadelphia, har faifan garmaho siriri mai lanƙwasuwa take sakawa masu biyan kuɗin shekara, da waƙar da ba za ka samu a wani wuri ba.

Amma fa Malam Edita kar a ɗauka duk hayaniya ce. Da ka buɗe ciki ka kai dogon labari sai ka ga an natsu. Nan ne kuskuren da yawancin 'yan ajinmu suka yi, suka zuba farin rubutu ƙanana a kan baƙin shafi tun daga farko har ƙarshe saboda wai metal baƙi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin buga takarda ya san abin da zai faru, baƙin da aka haɗa da kala huɗu idan faranti ɗaya ya ɗan goce ko da ƙiris ne sai tawada ta cinye fararen haruffan, su yi dishi-dishi, balle a takardar jarida mai shan tawada. Ga shi kuma da yawa daga masu sayen sun haura arba'in, da tabarau suke karatu. Ƙwararrun sai su bar baƙin shafi wa hoto da kanu da 'yan layukan buɗewa, da haruffa masu kauri, asalin labarin kuma baƙi a kan fari, ginshiƙi uku, yadda mutum zai zauna ya karanta shafi takwas bai ji ciwon kai ba. Kuma suna karantawa ɗin, domin mutanen nan masu son ƙwaƙwaf ne, waye ya kaɗa ganga a faifai na biyu, a wane situdiyo aka ɗauka, me ya raba su da mai jita. Decibel tana da wani shafi da take karrama tsohon faifai, kuma sharaɗinta sai an yi hira da duk wanda ya yi kiɗa a faifan, in mutum ɗaya ya rasu ko ya ƙi magana to ba za a yi ba. Mujallar Burrn! ta Japan, tun 1984 take fita, maki a kan ɗari take bayarwa. Wannan duk girmama mai karatu ne, an san ya san abin, ba a yi masa sama-sama.

Ga abin da ya sa na ce lallai sai na rubuto. A Disambar 2016 kamfanin TeamRock da ke da mujallun Metal Hammer da Classic Rock da Prog ya durƙushe ana saura kwanaki Kirsimeti, ma'aikata sama da 70 suka wayi gari ba aiki ba albashi. Mawaƙin ƙungiyar Orange Goblin, Ben Ward, ya buɗe asusun taimako a intanet, masu karatu da mawaƙa suka tara sama da fam 70,000 domin ma'aikatan. A Janairun 2017 kamfanin Future ya sake sayen mujallun a kan fam 800,000, alhali shi ya sayar da su a 2013 a kan fam miliyan 10.2. Ni ba cinikin ne ya dame ni ba, masu karatun ne, mutum ya cire kuɗinsa ya ba wanda ke tsara masa shafi saboda yana jin mujallar tasa ce. Ba wai kuma hakan yana hana mutuwa ba, mujallar Terrorizer ta daina fita a 2018, Kerrang! ma ta dakatar da bugun mako-mako na takarda a 2020 lokacin korona, kasuwar takarda ta yi wuya ko'ina. Amma ina so ka tambayi kanka tsakani da Allah, in yau aka ce shafin nishaɗinku ya tsaya, mutum nawa ne za su kira ofis su tambaya?

Ba ina cewa ku maida shafinku baƙi da ja ku zana ƙoƙon kai ba, Allah ya kiyaye, wanda ya ɗauko kamannin ya bar dalilin ai ya yi aikin banza. Abin da nake gani a shafin yanzu, kuma da ƙauna nake faɗa don duk sati sai na buɗe shi a waya, shine an yi shi don kowa, labarin ɗan fim a sama, waƙar siyasa a gefe, girke-girke a ƙasa, hoton da aka kwaso daga Facebook duk ya farfashe, da haruffa kala biyar waɗanda ba abin da ya haɗa su. Yarinyar da ke bin mawaƙan zamani a TikTok da dattijon da har yanzu yake ajiye da kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo ba abu ɗaya suke nema ba, shi yana so a rubuta masa baitin daidai a faɗa masa wa aka yi wa waƙar da kuma a wane zamani, ita tana so ta ga hoto mai kyau babba da za ta iya ɗauka ta tura wa ƙawaye. In za ku yi wa dukkansu to ku raba musu shafi, kowa da fuskarsa, kowa ya san ƙofarsa. Mujallar Fim da ta fara a 1999 ai ta nuna ana iyawa da Hausa, ta zaɓi mutanenta ta tsaya a kansu.

Sannan roƙo na musamman, haruffa masu lanƙwasa. 'Yan ƙungiyar Motörhead sun ɗora ɗigo biyu a kan harafin o na sunansu wanda ba ya canza komai a furuci, ado ne kawai, amma babu mujallar metal da za ta kuskura ta cire shi. Mu kuwa ƙ da ɗ da ɓ da ma'ana ke rataye a kansu sai in ga a cikin labari an saka, a kanu kuma sun ɓace ko sun fito da wani salo daban sun karkace, saboda nau'in harafin da aka zaɓa wa kanun ba shi da su. Kafin ku amince da kowane sabon harafi ku sa mai tsara muku shafi ya rubuta ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ɓata da bata, manya da ƙanana, ya buga a takardar da kuke amfani da ita, ku duba da ido. Akwai nau'o'in kyauta da suke da su cikakku, irin su Noto da Andika da Charis.

Ni dai aikina na biyu da na kai, direban nan na fara nuna wa kafin malama, ya riƙe shi ya ɗan nisanta da fuskarsa ya karanta shafi biyu a tsaye, sannan yace rubutun ƙarƙashin hotuna ya yi ƙanƙanta, na koma na ƙara. Ku ma kafin ku yanke shawara ku buga samfuri biyu ko uku ku kai wajen mai shayi da tashar mota da ƙofar makarantar 'yan mata da majalisar dattawa bayan la'asar, ku miƙa ku yi shiru ku ga shafin da hannu ke tsayawa a kai. In kuna so zan tsara muku samfuri ɗaya kyauta in turo, lambata tana wajen mai kula da shafin wasiƙu.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, mai karatu daga Birmingham, Ingila