A Sa Rana a Lissafi Tun Daga Zanen Gida

Ya Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu gini, don da yawa sai an gama gida suke tuna sola. Tun a zane, dogayen bangaye su fuskanci arewa da kudu, a rage tagogin yamma, domin ranar la'asar ce ke gasa ɗaki.

A kan rufi, a karkata faifan sola aƙalla digiri 10 don ruwan sama ya wanke ƙura, a bar tazarar santimita 10 ƙarƙashinsa iska ta ratsa. Faifai in ya ɗau zafi, wutarsa raguwa take, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digirin zafi sama da 25 a ma'aunin Celsius. Tankin ruwa kuwa, a nisanta shi: inuwarsa kan faifai guda tana rage wutar duk layin faya-fayan da aka haɗa da shi.

Naka,
Wani injiniyan gini