Bayanin Kwamitin Ruwa kan Aikin Rijiyar Burtsatse

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Tambaya ta yi yawa kan inda kuɗin aikin rijiyar suka shiga, kuma haƙƙinku ne ku tambaya.

Kowa ya san an gina madatsar Ajiwa tun Katsina ba ta kai haka ba. Ta Zobe kuwa, da aka kammala a 1983, jawo ruwanta zuwa birni aiki ne na gwamnati da kasafinta. Unguwa irin tamu ta bayan gari sai ta taimaki kanta kafin bututu ya iso. Mai Unguwa ya ba da fili, aka gwada ƙasa, aka haƙa, aka ɗora tanki.

Inda ake ta magana shi ne sola. Wasu na cewa da janareta muka saya da kuɗi sun ragu. Gaskiya ne, sola ta ci kaso mafi tsoka, domin fanel da injin turo ruwa daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu dala yake bi. To amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa zai riƙa zuba fetur kullum? Mun zagaya unguwanni mun ga burtsatse a kulle, janareta a lulluɓe da buhu, yara na wucewa da jarka suna neman mai kura. Ba mu yarda mu jefa ku cikin karo-karon mai na har abada ba. Mun kuma ƙi injin turo ruwa mai araha saboda ba shi da garanti, kuma idan ya ƙone a ƙasan rijiya, fito da shi kaɗai wani kuɗin ne. Rasit ɗin komai yana hannun ma'aji, an kuma manna kwafi a allon masallaci.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya ɗauki nauyin tanki shi kaɗai, ya ce kada a ambaci sunansa. Allah Ya sa a mizani, Ya jiƙan mahaifa. Haka 'ya'yan unguwa mazauna Kano da Abuja, da iyayenmu mata da suka ba da kwasar adashensu sukutum.

Saura katanga. Fanel ɗin a fili suke, matasa ne ke kwana gadinsu kyauta, kuma ba za su dawwama a haka ba. Bututun layin makaranta ma bai tafi ba. Mai bulo, mai buhun siminti, mai kuɗi, don Allah a ga ma'aji bayan sallar Juma'a.

Kwamitin Ruwa