Takardar Koke Kan Sanya Takunkumi a Gidan Zoo Lokacin Bikin Sallah

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Alhaji Aminu Ado Bayero

3 ga Mayu, 2021

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu iyaye ne da malaman Islamiyya mazauna unguwannin da ke kan titin Zoo Road. Azumi ya yi nisa, Sallah ta matso, kuma duk Bakano ya san inda yara ke tururuwa bayan an sauko daga Idi: gidan zoo, wanda marigayi Gwamna Audu Bako ya bar mana. Daga birni da ƙauye ake cika motoci.

Ranka ya daɗe, abin da ke damunmu shi ne takunkumin rufe hanci da baki don kariya daga cutar korona. Tun watan Janairu Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar sanya shi a wuraren taruwa, amma mun san halin mutanenmu. Mutum zai rufe hanci a bakin ƙofa, yana shiga ya ja shi ƙasan haɓa, ko ya cusa a aljihu. Sai ka ga yara sun yi cincirindo gaban kejin birai, kafaɗa da kafaɗa, wani na miƙa wa biri ragowar rakensa. Da yamma kuma su koma jikin kakanninsu. Mu da muka ga gawarwakin dattawan da aka yi ta kaiwa makwanci a watan Afrilun 2020, wallahi ba mu manta ba.

Dabbobin ma korona ba ta ƙyale su ba. A Amurka ta kama damisa a gidan zoo na Bronx a 2020, ta kama goggon birai a San Diego a farkon bana.

Muna roƙon Takawa ya sa baki hukuma ta tsaya kan cewa sai da takunkumi za a shiga, a kuma sa masu zagayawa suna tunatarwa da lalama. Amma don Allah kada a kori yaron da ya tara kuɗin tikitinsa daga barka da Sallah saboda ba shi da shi. A kira attajirai su ba telolinmu ɗinkin na yadi, a raba kyauta wajen yankan tikiti. Jarirai da 'yan ƙanana a ɗauke musu.

Idan limamai suka faɗa a huɗuba, masu unguwanni suka maimaita, za a ji. Matasanmu a shirye suke su tsaya bakin ƙofa da ruwa da sabulu.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Iyaye da malaman unguwannin Zoo Road, Kano